Sa'adatu da Sa’adatu: ranar da gwajin manhaja ya ce mana komai lafiya

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta barinsu su saurara, da waɗanda dama karatu suka fi so. Na ɗan gyara wasu wurare don su karantu, amma yawanci yadda na faɗa haka aka rubuta.

Ku dubi sunan da ke kan taken nan da kyau. Sa'adatu, sai kuma Sa’adatu. Suna ɗaya ne ko biyu? Duk wanda na tambaya cewa yake ɗaya ne mana, wace irin tambaya ce wannan. To a wurin kwamfuta suna biyu ne, kuma wannan ɗan bambancin ya cinye mana dare guda, daga baya ya jawo mana abin kunya a gaban mutane. Labarin zan ba ku, amma sai na fara bayyana wani abu tukuna, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba.

Masu rubuta manhaja suna da wata al'ada da ake kira gwaji mai gudanar da kansa. Idan ka rubuta manhaja, sai ka sake rubuta wata ƙarama a gefe wadda aikinta kawai ta riƙa duba ta farkon. Kamar shifta ce a firamare. Malam yana da takardar da ya karanto, ɗalibi ya rubuta nasa, sai malam ya ɗora wannan kusa da wannan ya duba. A manhaja ma haka ne. Ka rubuta abin da kake sa ran zai fito, misali "Barka da zuwa, Sa'adatu", sai gwajin ya kunna manhajar, ya karɓi abin da ta fitar, ya kwatanta su. In sun zo ɗaya ya nuna kore, in sun saɓa ya nuna ja. Amfaninsa shi ne duk lokacin da ka taɓa wani wuri a manhajar, cikin daƙiƙoƙi za ka san ko ka ɓata wani wurin ba ka sani ba. Kent Beck da Erich Gamma ne suka rubuta JUnit a 1997, ɗaya daga cikin kayan aikin da suka yaɗa wannan al'ada, kuma an ce a cikin jirgin sama suka fara rubuta shi, daga Zurich zuwa Atlanta. Yau kusan kowane yaren rubuta manhaja yana da irinsa.

Ni fa ba kimiyyar kwamfuta na karanta a jami'a ba, kada wani ya ɗauka gwani ne ke magana. Abin da ya kai ni shi ne ƙungiyarmu ta shirya horon sana'a ga matasan unguwa, ɗinki da gyaran waya da haɗa sola, kuma rajista da biro da littafi ta gagare mu. Sai wani abokina, bari mu kira shi Bashir, ya ce zai haɗa mana ƙaramar manhaja da Python: mutum ya cike fom a waya, a tura masa saƙon tabbatarwa, in an gama horo kuma ta fitar da takardun shaida da sunan kowa. Kyauta ya yi mana, bayan ya taso daga wurin aikinsa. Ni kuma ina zaune kusa da shi ina koyon abin da ya sawwaƙa.

Wani dare, saura kwana biyu a buɗe rajista, sai gwaji ɗaya ya yi ja. Mun gwada cike fom ɗin da wayar wata 'yar ƙungiya, muka ɗauki abin da ya shigo muka sa a gwajin. Abin da ake sa rai: Sa'adatu. Abin da ya fito: Sa’adatu. Muka duba, muka sake dubawa. Bashir ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ce, mutumina, ko dai kwamfutar taka ce ta gaji? Ya ce kwamfuta ba ta gajiya, mu ne muka gaji.

Matsala ta farko daga yadda aka rubuta gwajin ne. Bashir ya rubuta shi ta hanyar da tambaya ɗaya kawai yake yi, wato shin sun yi daidai, e ko a'a. Da ya ce a'a, shi ke nan, ya yi shiru. Kamar malamin shifta ne ya zana maka sifili ya miƙo maka littafi bai ja layi a ƙarƙashin ko kalma ɗaya ba. Alhali a cikin Python ɗin akwai wata hanyar da in rubutu biyu suka saɓa, za ta jera maka su sama da ƙasa, ta sa 'yar alama daidai ƙarƙashin harafin da ya bambanta. JUnit shi kuma yakan sa wurin cikin baka, ka ga Sa[']adatu a gefe ɗaya, Sa[’]adatu a ɗaya gefen. Da muka canza zuwa wannan hanyar, alamar ta tsaya a ƙarƙashin alhamza. To amma ko a nan ɗin ma idonmu bai ga komai ba, don a fuskar kwamfutar tasa duk biyun kusan kamanni ɗaya suke da shi.

Sai da Bashir ya ce wa kwamfutar ta daina nuna mana haruffa, ta nuna mana lambobinsu. Nan ne asiri ya tonu. Ɗaya 39, ɗaya 8217.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan shi ne ginshiƙin maganar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da kowace alama suna da lambarsu a wani babban kundi da ake kira Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. Harafin k lambarsa 107. Harafin ƙ lambarsa 409. D babba 68, Ɗ babba 394. Idan aka ce kwamfuta ta kwatanta rubutu biyu, jerin lambobi biyu take bi ɗaya bayan ɗaya, da ta ci karo da inda suka saɓa ta ce ba ɗaya ba ne. Ba ruwanta da yadda suka yi kama a ido. Ita kuwa alhamzar da muke sawa a Sa'adatu da ma'ana da jama'a, akwai aƙalla alamomi uku da mutane ke bugawa a gurbinta: miƙaƙƙiya ta kan allon rubutu mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217, da wata ta uku mai lamba 700 wadda Unicode ya ɗauke ta a matsayin harafi sosai. Bashir ya buga tasa a kwamfuta, ta fito 39. Yarinyar nan iPhone gare ta, kuma tun 2017 wayoyin iPhone suke lanƙwasa alamar da kansu in kana rubutu, sai in ka shiga ka kashe. Microsoft Word ma haka yake yi. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa alhamza ya buga.

Ba alhamza kaɗai ke yin wannan ba. Sarari guda a ƙarshen layi, wanda ido ba ya gani, ya isa ya sa gwaji ya yi ja. Ƙarshen layi kansa ma: Windows alama biyu yake sawa, gadon zamanin tafireta, ɗaya ta mayar da kan na'ura farkon layi ɗaya ta sauko da takarda, Linux kuma alama ɗaya yake sawa. Fayil biyu da za ka rantse iri ɗaya ne, kwamfuta ta ce kowane layi ya bambanta. Masu rubuta ƙamus da ke sa alamar karin sauti su ma suna da tasu: à ana iya rubuta ta da lamba ɗaya, ana iya rubuta ta da lamba biyu, wato a sannan alamar ta hau kanta. Wannan kam Unicode ya tanadi hanyar daidaita su kafin a kwatanta. Amma hanyar ba ta taɓa alhamzar nan uku, ba ta kuma mayar da ƙ ta zama k. Wannan hukuncin an bar wa mutum.

To, mun gano ciwo wajen ƙarfe ɗaya na dare. Saura magani. A nan ne muka yi ɓarnar, kuma da hannuna a ciki. Na ce, Bashir, don Allah ka yi duk abin da zai sa ya zama kore mu je mu kwanta. Shi ma ya gaji. Sai ya rubuta layi ɗaya a cikin gwajin: kafin a kwatanta, a share duk abin da ba a zuwa z ba ne daga rubutun biyu. Sa'adatu ta koma Saadatu, Sa’adatu ma ta koma Saadatu. Kore. Muka tafa, muka rufe kwamfuta.

Ku lura da abin da muka yi fa. Manhajar ba mu taɓa ta ba. Mai duba ta muka rufe wa ido ɗaya. Kuma a zuwa z na Turanci ba su haɗa da ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka daga wannan daren gwajinmu ya daina ganin haruffa masu ƙugiya gaba ɗaya. Ruƙayya a wurinsa Ruayya ce. Ɗanladi kuma anladi.

Aka yi rajista, aka yi horo wata uku, komai ya tafi daidai. Da lokacin takardun shaida ya zo, aka ɗauki manhajar aka sa a kwamfutar sakatarenmu, mai Windows, don ita ce za a kai shagon buga takardu. Bashir ya ce a kunna gwaji kafin a fitar da komai, aka kunna, duk kore. Aka fitar da fayil aka kai shago, aka buga a kan takarda mai kauri mai tsada, aka sa a ambulan. Ni na karɓo su da daddare, na buɗe biyu na sama na gani, Aminu da Zainab, sun yi kyau, na rufe.

Da safe a wurin taro, iyaye sun zo, mai unguwa ya zo, ana kiran suna ana miƙa takarda ana ɗaukar hoto. Sai wata yarinya daga ajin ɗinki ta dawo inda nake tsaye, ta rage murya ta ce, Yaya, wannan sunan waye? Na karɓa na duba. An rubuta RuÆ™ayya. Kafin in buɗe baki wani yaro ya taho da tasa, ÆŠanladi. Sa’adatun nan tamu kuwa ta zama Saâ€™adatu. Takardu goma sha ɗaya haka. Wallahi ban taɓa jin zufa irin ta ranar ba. Ita Ruƙayya ranar Litinin za ta kai takardar wani wuri da ake ba da keken ɗinki bashi, kuma ranar ce ta ƙarshe.

Na san da yawanku kun taɓa ganin irin wannan shirme, Æ™ a tsakiyar kalmar Hausa, a wani shafi ko a wata takarda. Ga abin da ke jawo shi. Lambar ƙ ta yi girma ta shiga gurbi ɗaya, don haka tsarin da aka fi amfani da shi wajen ajiye rubutu, UTF-8, yana raba ta gida biyu. Idan manhajar da ta zo karantawa ba a gaya mata da wane tsari aka ajiye ba, sai ta ɗauka kowane gida harafi ne mai zaman kansa, ta duba tsohon jadawalin Windows na harsunan yammacin Turai, gida na farko ya ba ta Æ, na biyu ya ba ta ™. A kwamfutar Bashir mai Linux, Python da kansa yake ɗaukar UTF-8. A ta sakatare kuwa tsohon jadawalin ya ɗauka, don ba a rubuta masa ƙarara wanne zai bi ba. Gyaran bai wuce kalmomi biyu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da gwaji daidai a kan wannan. Bashir ya sa sunan Ruƙayya a cikin sunayen gwaji tun farko, don ya san za a samu masu ƙugiya. A kwamfutar sakatare gwajin ya karɓi RuÆ™ayya, ya ɗora ta kusa da Ruƙayya. Da a ce yana nan yadda yake tun asali, da ya yi ja nan take. Amma mun ce masa ya share duk abin da ba a zuwa z ba. Ya share ƙ a wannan, ya share Æ da ™ a wancan, ya ga Ruayya da Ruayya, ya ce lafiya lau. Abin da muka umarce shi ya yi, shi ya yi.

Bayan wannan ne na zauna na karanta tarihin abin, don in san ko mu kaɗai ne wawaye. Sai na tarar tambayar "ina waɗannan rubutu biyu suka bambanta" ta girme ni nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1970, a ɗakin bincike na Bell a Amurka, Douglas McIlroy ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna diff, ta fito cikin Unix a 1974, kuma shi da James Hunt suka wallafa bayanin dabarar a 1976. Dabarar tana da daɗi, bari in ba ku misali da cefane. Uwargida ta rubuta: shinkafa, manja, tumatir, albasa, gishiri. Daga baya ta sake rubutawa: shinkafa, tumatir, albasa, attaruhu, gishiri. In ka bi layi da layi, na farko ya yi daidai, na biyu manja da tumatir sun saɓa, na uku tumatir da albasa sun saɓa, na huɗu ma haka. Sai ka ce an canza abu uku. Amma duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya san abu biyu ne suka faru: an cire manja, an ƙara attaruhu. Abin da diff ke yi shi ne ya fara neman jerin layuka mafi tsawo da takardun biyu suka yi tarayya a kai, bi da bi ba tare da an juya tsari ba, a nan shinkafa, tumatir, albasa, gishiri. Duk abin da ya rage a tsohuwar takarda an cire shi ne, ya sa masa alamar ragi. Duk abin da ya rage a sabuwa an ƙara shi ne, ya sa masa alamar tarawa. A 1986 Eugene Myers ya fito da hanyar da ta fi sauri wajen wannan lissafi, kuma ita ce Git yake amfani da ita idan ba ka zaɓi wata ba. Jan layi da koren layi da kuke gani a fuskar kwamfutar masu manhaja, jikokin wannan aiki ne.

Wani abu a gefe, tunda na san irin mutanen da ke bin shafin nan. Wannan dabarar ba ta san manhaja take kwatantawa ba ko wasiƙa. In kana da kwafi biyu na kundin tsarin ƙungiya, ko daftarin kasafi na farko da na ƙarshe, kana iya zuba su ka ga kowane layin da aka taɓa cikin ƙiftawar ido. Word ma yana da wurin kwatanta takardu biyu. Mun fara yin haka da takardun yarjejeniya kafin mu sa hannu. To, mu koma.

Da na ba wani labarin nan sai ya ce, ai da kun sa gwajin ya riƙa karɓar abin da ya yi kusa, ba sai ya zama daidai ɗari bisa ɗari ba. Akwai wannan hanyar kam. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya bayyana ta a 1965: ka ƙirga sau nawa za ka ƙara harafi, ko ka cire, ko ka musanya, kafin wannan kalma ta zama waccan. Usman da Usuman taki ɗaya ne. Hauwa da Hawwa taki ɗaya. Sai ka ce madalla, duk abin da bai wuce taki ɗaya ba a karɓa. To Aminu da Amina fa? Taki ɗaya. Hassan da Hassana taki ɗaya, kuma wataƙila ma tagwaye ne a gida ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya. Kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, duk taki ɗaya ne. Lissafin yana da amfani wajen bincike, a ce maka ko wannan kake nufi, kai kuma ka zaɓa. Amma a ba shi hukuncin ƙarshe a kan sunan da za a buga a takardar mutum, ni dai ban yarda ba.

Abin da muka yi daga baya ya ɗauke mu yamma guda, da takarda da biro, kafin ma a taɓa kwamfuta. Muka zauna muna tambayar kanmu bambanci ɗaya bayan ɗaya: wannan yana canza ma'ana ko ba ya canzawa? Alhamza uku, ba sa canzawa, don haka manhajar da kanta za ta mayar da su iri ɗaya tun lokacin da mutum ya cike fom, kuma aka rubuta gwaji na musamman da ke tura mata duk ukun ya tabbatar iri ɗaya suka fito. Kun ga bambancin da na farko? Gyaran ya koma cikin manhaja, gwajin kuma ya ci gaba da kwatanta harafi da harafi ba sassauci. Sarari a farko ko ƙarshen suna, a share. Ƙ da k kuwa ba a haɗa su ko kusa.

Sai muka zo kan wadda ta ja mu gardama, 'y da ƴ. Mu a nan 'ya'ya muke rubutawa, a Nijar kuma ƴaƴa, kuma yanzu matasa da yawa a nan ma ƴ suke bugawa don tana kan allon wayarsu. Sauti ɗaya ne, rubutu biyu. Bashir ya ce a mayar da duka iri ɗaya. Sakatare ya ce a'a, in mutum ya rubuta sunan garinsu ko na kakansa da ƴ, wa ya ba mu izinin canza masa? Muka tsaya a kan cewa wajen bincike za a ɗauke su ɗaya, wajen bugawa kuma a bar wa kowa yadda ya rubuta. Ban ce wannan ce amsar da ta dace da kowa ba. Abin da na sani shi ne babu wani kayan aiki da aka rubuta a California da zai yanke mana wannan, dole sai wanda ya san harshen ya zauna a teburin.

Saƙon waya shi ma ya zo da nasa. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da sharaɗin duk haruffan suna cikin wani ƙaramin jadawali da aka tsara tun farkon wayar salula, kuma ɓ, ɗ, ƙ ba sa ciki, lanƙwasasshiyar alhamza ma ba ta ciki. Da ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal. Saƙon da za ka biya kuɗin ɗaya sai ka biya na uku. Ashe mun yi ta biyan wannan ba mu lura ba. Ƙungiya ce mai tara kuɗi da karo-karo, don haka muka yanke, da saninmu, cewa saƙon tes zai tafi ba ƙugiya, takardar shaida kuma da ƙugiyarta cif. Gwaji biyu daban: ɗaya yana yin ja in ya ga ƙ a saƙo, ɗaya yana yin ja in bai ga ƙ a takarda ba. Na san akwai masu kishin harshe da za su ce mun yi sakaci a na farkon. Ina jin ku, ni ma bai yi mini daɗi ba, amma na ga takardar kuɗin.

Akwai kuma babba da ƙaramin baƙi. Ka ce wa manhaja ta mayar da komai ƙananan haruffa kafin ta kwatanta, kana ganin ka huta. Python zai mayar da Ƙ ta zama ƙ daidai. Amma SQLite, ma'ajiyar bayanan da ke cikin kowace wayar Android, in ba a ƙara mata wani abu ba haruffan Turanci kaɗai take mayarwa. Ka nemi ƙaraye ba za ta kawo maka Ƙaraye ba, alhali in ka nemi kano za ta kawo Kano. Mai gwajin da duk sunayensa John da Mary ne ba zai taɓa ganin wannan ba har ya yi ritaya.

Abu na ƙarshe da nake so masu koyon wannan sana'a su ji, don shi ne irin kuskurenmu amma a sabuwar riga. Akwai salon gwaji da ake ɗaukar hoton abin da manhaja ta fitar yau a ajiye, gobe a kwatanta sabon da ajiyayyen. Jest, wanda Facebook ya fitar, ya shigo da wannan salon a 2016 kuma ya karɓu sosai. In an samu bambanci zai nuna maka layukan, ja da kore. Sannan akwai umarni guda, harafi ɗaya tak, da ke cewa na yarda, sabon shi ne daidai, maye gurbin tsohon. Ƙarfe ɗaya na dare, gwaji ashirin sun yi ja, ido ya yi nauyi, wani kamar ni yana tsaye a kanka yana cewa mu tafi, me kake tsammani za a danna? Daga wannan lokacin kuskuren ya zama shi ne amsar da ake auna kowa da ita. Yawanci kuma abin da ke sa mutum ya gaji da karantawa shi ne gwajin da ke ihu a kan abin banza, kwanan wata ko lokaci ko lambar rasit da dama kullum sai sun canza. Waɗannan a rufe su da gangan, ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, yadda in ja ya fito za ka san akwai dalili. Mu yanzu dokarmu ita ce ba wanda zai sassauta gwaji ko ya maye gurbin ajiyayyen rubutu shi kaɗai, sai wani ya karanta bambancin da idonsa, kuma ba a yin wannan bayan sha ɗaya na dare. Bashir ne ya kawo dokar sha ɗayan, kuma ni yake kallo lokacin da yake faɗa.

Ruƙayya kuwa, ranar Lahadi Bashir ya gyara kalmomi biyun nan, muka samu mai shagon ya buɗe mana da rana bayan mun yi ta roƙo, muka sake buga goma sha ɗayan da kuɗin aljihunmu. Ni na kai mata tata har gida. Mahaifinta ya karɓa ya ɗaga ta sama yana bin haruffan da yatsa, ya tsaya a kan ƙ ɗin ya ce, yanzu kam ita ce. Ta kai ranar Litinin da safe.

Waɗanda ke rubuta manhaja a cikinku, ku buɗe sunayen da kuke gwaji da su yau ku duba ko akwai Ɗahiru, ko Ruƙayya, ko Sa'adatu da alhamza iri uku. In babu ku sa, ku kunna, ku faɗa mini abin da ya fito a ƙarƙashin wannan rubutun, zan karanto wasu a shiri na gaba.